Ciko Ba Juye Ba Ne: Man Birki da Motocin Kaya a Ƙofar Kibo

Da an idar da sallar Asuba, tun kafin 'yan makaranta su cika titi, motocin a-kori-kura sun riga sun fara ratsa Ƙofar Kibo. Wata daga cikin birni take fitowa fayau, ba komai a bayanta sai igiya da tamfol, za ta ƙauye ɗauko kaya. Wata kuwa shigowa take yi, bayanta ya zauna daɓas saboda buhunan masara, yaron mota na bisa lodi ya naɗe fuska da tsumma don ƙura. Ƙofar nan, kamar 'yan'uwanta Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona, an yi ta ne a zamanin da kaya ke shiga birnin Zazzau a bayan jaki da raƙumi da kan ɗan dako. Jaki in an ce ya tsaya, ko bai ga dama ba sanda za ta tsayar da shi. Motar da ta ɗauko tan guda kuwa, abin da ke tsayar da ita wani ɗan mai ne tsararo, wanda in aka tatse shi duka daga jikinta da kyar zai cika kwalbar lita ɗaya.

Duk direban da ya san aikinsa yana da al'adar safe. Zai ɗaga bonet, ya zaro geji ya goge ya mayar ya sake zarowa, ya duba man inji. Zai leƙa ruwan lagireto. Zai zaga ya bubbuga tayoyi da ƙafa. Daga nan sai ya kai ido kan ɗan farin kofin roba da ke manne a bayan inji, daidai saitin sitiyari. In mai na tsakanin layin sama da na ƙasa, shi ke nan, a rufe bonet. In ya yi ƙasa, sai a ce wa yaro ya miƙo kwalbar da ke ƙarƙashin kujera a ƙara.

Man inji yana da lissafi. Direba zai gaya maka ranar da aka yi juye, da ranar da za a sake, wani ma har a bangon gareji ake rubuta masa da alli. Man birki kuwa ba shi da kalanda. Ciko ake yi masa shekara da shekaru, har mota ta canja hannu sau uku, man da ta zo da shi daga Kwatano yana nan kwance a cikin bututunta. Direbobin nan ba sakarkaru ba ne, galibinsu sun fi mai digiri sanin kukan inji. Abin da aka koya musu tun suna yaran mota shi ne man birki raguwa yake yi. Ba a koya musu cewa yana tsufa ba, ko da ɗigo ɗaya bai zuba ba.

Yadda ƙafa ɗaya ke tsayar da tan biyu

Wanda ya taɓa wasa da sirinjin allura ya riga ya san sirrin birkin mai. A cika sirinji da ruwa, a toshe bakinsa da yatsa, a danna: ba zai motsa ba. A zubar da ruwan a bar iska, a sake toshewa a danna: zai shige kamar ana matsa soso. Ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Wani Bafaranshe masanin lissafi, Blaise Pascal, ya bayyana tun ƙarni na 17 cewa ƙarfin da aka danna wa ruwan da ke rufe yana isa ko'ina a cikinsa bai ragu ba. Kan wannan ne aka gina birkin kusan duk ƙananan motoci. Direba ya taka, masta, wato babban famfon birki, ta tura mai cikin siraran bututun ƙarfe, man ya isa kowace ƙafa. A gaba ya matse fad a jikin faifai, a baya ya buɗe shu a cikin duram, wanda shi ne tsarin yawancin motocin fikof, har da Hilux.

Motocin farko da sandunan ƙarfe da waya ake jan birkinsu. Wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, shi ya yi rajistar birkin mai wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, kamfanin Duesenberg ya sa shi a motarsa a 1921, Chrysler ya biyo baya a 1924. Man da aka fara amfani da shi haɗin man zurma ne da sinadarin barasa, zurmar nan dai da ke fitowa a bayan gida da kan juji a ƙasar Hausa. Daga baya aka koma ga sinadaran gilaikol, saboda sun fi jure zafi. Su ne a cikin kwalaben da ake sayarwa yau a shagunan kayan gyara na Sabon Gari da Tudun Wada.

Tirela da tanka ba sa cikin wannan zance. Su da iska suke taka birki, matsalarsu daban ce. Maganar mai ta ƙananan motoci ce da bas-bas da a-kori-kura.

Gilaikol yana da hali ɗaya da kowace uwargida ta sani a jikin gishiri. A watan Agusta, gishirin da aka bari a buɗe a kicin yakan jiƙe da kansa, ba wanda ya zuba masa ruwa. Daga iska ya sha. Haka man birki yake zuƙar laima, ta 'yar kafar numfashi da ke jikin murfin kofin, ta jikin tiyon roba da ke kusa da tayoyi, da kuma duk lokacin da aka buɗe murfi. Da gangan masu haɗa shi suka bar shi haka, domin gara ruwan ya narke ya bazu cikin mai da ya taru wuri ɗaya a ƙasan bututu ya ci ƙarfe. Amma abin yana da iyaka.

A jikin kowace kwalba akwai rubutun DOT da lamba. Wannan ma'auni ne na Ma'aikatar Sufuri ta Amurka, wanda duniya ta ara. Ƙa'idar ta ce sabon mai mai lamba DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuma kada ya gaza 230. Sai ta kawo lamba ta biyu, wadda ita ce ta shafi direban Zariya: in man ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, DOT 3 na iya saukowa zuwa digiri 140, DOT 4 zuwa 155. Ruwan da bai kai cokali uku a lita ba ya kwashe digiri 65 zuwa 75 daga juriyar mai. Shi ya sa kamfanonin mota da yawa ke cewa a zubar da man a sa sabo duk shekara biyu, wasu su ce uku, ko motar ta yi tafiya ko tana ajiye.

Yanayin Zazzau kuwa kamar an tsara shi ne don ya gwada wannan mai. Daga Mayu zuwa Oktoba ana ruwa, wajen milimita 1,000 a shekara, iska ta yi nauyi da laima, motocin ƙauye na kutsawa cikin taɓo da rafuka har ruwa ya shafi duram. Mai ya sha ya ƙoshi. Da ruwa ya ɗauke sai kaka ta shigo, lokacin da mota ke ɗaukar lodin da ya fi na duk shekara: masara daga Soba da Giwa, rake da mazarƙwaila daga Makarfi, tumatir da tattasai daga Kudan da Hunƙuyi in rani ya kama. Damina ce ke lalata man a ɓoye, kaka kuma ta tona.

Birkin da ya ɓace ya dawo

Birki ba ya kashe gudu sai ya mai da shi zafi. Lissafin kuma ba ya sassauci: in nauyi ya ninka, zafin da birki zai sha ya ninka, in gudu ya ninka, zafin ya ninka sau huɗu. Hilux an yi ta ne ta ɗauki wajen tan guda, wato buhu goma na masara mai kilo 100. Wanda ya tsaya bakin hanya ranar kasuwa ya ƙirga buhunan da ke wucewa zai ga goma lodin mai tsoron Allah ne.

A ɗauki direban da ya ɗauko dankali da kabeji daga Jos, ya biyo ta Saminaka da Pambeguwa zai dawo Zariya. Yana gangarowa daga kan tsauni, maimakon ya sauke giya inji ya riƙe masa mota, sai ya ɗora ƙafa kan birki ya bar ta a can. Wani ma giya yake cirewa don ya rage shan mai. Faifai ya yi jawur, zafi ya ratsa fad ya isa fistin, ya isa man da ke bayansa. In sabo ne zai jure. In wanda ya sha damina uku ne, sai ya fara tafasa, ƙananan kumfa su tashi a cikin bututu. Kumfa kuwa tururi ne, tururi kuma matsuwa yake yi kamar iskar sirinji. Direba ya taka, feda ta tafi har ƙasa ba ta tarar da komai ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne abin da ke biyo baya. In Allah Ya tsare aka samu mota ta tsaya, bayan rabin sa'a man ya huce, tururin ya koma ruwa, birki ya dawo garau. A kira bakanike ya duba sama da ƙasa, ba yoyo, kofi cike, fad da sauransa. Sai a fara raɗe-raɗin ko hanyar ce ba ta da kyau, ko wani ne ya sa wa motar hannu. A yi addu'a a ci gaba da tafiya da man nan dai. Addu'a wajibi ce, kuma ba wanda ke tsere wa ƙaddara, amma wannan alamar tana da suna da dalili da magani, kuma maganin bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Akwai wata gazawar da ake haɗa ta da wannan, alhali sun bambanta. In feda ta yi tauri, ana takawa mota ba ta tsayawa, ga ƙauri na tashi, fad ne ya ƙone. In feda ta yi laushi ta nutse, mai ne ya tafasa, ko iska ta shiga, ko akwai yoyo. Direban da ya iya rarrabe waɗannan biyu ya rage wa bakanike rabin aiki.

In kuwa abin ya faru ana cikin tafiya, a yi ta buga feda da sauri, sau da yawa takan ɗan kama. A sauke giya ɗaya bayan ɗaya, a ja birkin hannu sannu a hankali ba fizga ba. Kada a kashe inji, domin da shi na'urar da ake kira sabo ke taimakon ƙafa, da shi kuma sitiyari ke laushi.

Abin da ciko ke ɓoyewa

Man birki ba ya ƙonewa kamar fetur, ba ya ƙafewa kamar ruwan lagireto. In ya yi ƙasa a kofi, ɗayan biyu ne. Ko fad ya cinye, fistin ya fito waje, mai ya bi shi ya cike gurbin, wanda hakan saƙo ne cewa lokacin canjin fad ya yi. Ko kuma yana zuba a wani wuri. Wanda ya yi ciko ya rufe bonet bai amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba, toshe bakin mai ba shi labari kawai ya yi.

Wuraren yoyo sanannu ne. A leƙa bayan tayar baya, in cikin duram ya jiƙe ya kama ƙura baƙa, robar silinda ta tafi, kuma man ya riga ya ɓata shu. A lanƙwasa tiyon gaba a ga ko ya tsattsage. A bi bututun ƙarfe a ƙarƙashin bodi, inda taɓo ke maƙalewa ya haifi tsatsa. Mafi wuyar ganewa shi ne masta mai zubar da mai ta baya zuwa cikin sabo, ba ɗigo a ƙasa, amma kofi na ta raguwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk inda mai ya fita, iska da ruwa ta nan za su shigo.

Tsofaffin motoci sun fi bukatar wannan ido. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, fikof ɗin 404 da 504 suka zama jakunan kasuwannin Arewa, kuma har gobe akwai masu aiki a hanyoyin ƙauyukan Zazzau, gefe da gefe da Hilux da 'yan ƙananan Hijet masu shiga lungu. Ƙarfen motocin nan ya yi ƙarko abin mamaki. Roba kuwa ba ta da wannan tsawon rai.

Sai maganar abin da ake zubawa. Direban da mai ya tsiyaye masa a daji, ba shago ba gareji, yakan kaɗa ruwan Omo ya ɗura don ya lallaɓa zuwa gari. Ana iya fahimtar halin da ya shiga, amma ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma yana fara cin ƙarfe tun daga ranar. Mafi muni shi ne a isa gari a manta, a ɗora ciko a kai. Wanda ya zuba man sitiyari ko man inji kuwa ya yi ɓarnar da ta fi wannan, domin robobin birki ba sa shiri da duk man da aka tace daga ɗanyen man fetur. Kumbura suke yi su saki, sai an canja su kaf tun daga masta har ƙafafu. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna haɗuwa, ko da yake abin da aka rubuta a murfin kofi shi ya fi dacewa a bi. DOT 5 mai launin shuni-shuni na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran.

Ita ma kwalbar ƙarƙashin kujera abin zargi ce. Tun ranar da aka fasa hatiminta take shan laima, bayan 'yan watanni abin da ke cikinta ya kusa zama ɗaya da tsohon da ke cikin mota. Gara a sayi ƙarama mai hatimi a gama da ita. Man da aka ɗura a gorar ruwa ana sayarwa a bakin titi, ba suna ba lamba, araha ce wadda ba ta ado. Hukumar SON ce ke da alhakin sa ido kan ingancin irin waɗannan kaya, amma ba ta tsaye a gaban kowane teburi, idon mai saye ne ke wurin.

Aikin juyen kansa ba ya cin sa'a guda in nonon bilidin bai ci tsatsa ba. A zuƙe tsohon mai daga kofi, a goge dattin ƙasa, a cika da sabo. Yaro ya shiga mazaunin direba, maigidan gareji ya kwanta a ƙarƙashi da sifana, ya saƙala siririn tiyo daga nono zuwa cikin kwalba. Daga nan sai kiran da duk wanda ya taɓa zama a gareji ya sani:

"Buga!"

"Riƙe!"

"Na riƙe, Oga."

"Saki."

A yawancin motoci ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta, wato ta baya ta hannun dama tunda sitiyarin Najeriya a hagu yake, a ƙare da ta gaba ta hagu. Ba a barin kofi ya ƙafe a tsakani, in ba haka ba iska ta shiga a koma farko. Abin da ya raba juye da cire iska kawai shi ne haƙuri: ba a rufe nono don kumfa ta daina fitowa, sai an ga baƙin mai mai kama da shayin da ya kwana ya ƙare, sabo mai hasken man gyaɗa ya biyo. Lita ɗaya takan isa. Motoci masu ABS suna son ƙarin kula, wasu sai da na'ura. Kuma launi kaɗai ba hujja ba ne, mai na iya yin haske alhali ya sha ruwa. Akwai 'yar na'ura kamar biro da ake tsomawa a kofi ta nuna yawan ruwan, in ta kai kashi 3 lokaci ya yi. Garejin da ke da na'urar gwajin batir bai kamata ya rasa wannan ba.

Wani abu kuma da ya wajaba a faɗa da babbar murya: man birki guba ne. A garejoji da yawa ana ɗiga shi a kan yanka, wasu na shafa wa yara a kan makero. Zariya ta san abin da dangin wannan sinadari ke yi wa jiki. A ƙarshen 2008, yara sun yi ta zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ƙodarsu ta tsaya, kamar yadda aka gani a Legas. Bincike ya gano maganin haƙori mai suna My Pikin ne ya gurɓata da dayetilin gilaikol, sinadarin da ake samu a man birki da ruwan sanyaya inji, kuma hukumomi sun ƙirga yara 84 da suka rasu a ƙasar. Abin da ke ɗaye fentin mota in ya ɗiga ba na sa wa a rauni ba ne, ba kuma na ajiyewa a kwalbar lemo inda yaro zai kai hannu ba.

Wa zai biya?

A ƙarƙashin duk wannan akwai maganar kuɗi. Yawancin a-kori-kura ba na direbobinsu ba ne. Alhaji mai mota balas yake jira da yamma, direba kuma ya san duk abin da aka kashe a gareji daga aljihun wani zai fita. In ya ce a canja man da bai ragu ba, a motar da birkinta ke kamawa, Alhaji na iya ɗauka dabarar cin kuɗi ce. Sai direba ya yi shiru. Bakanike ma da wuya ya kawo maganar, kada a ce yana ƙirƙiro aiki. Mutum uku sun yi shiru a kan abu ɗaya, motar kuma na bi ta tsakiyar 'yan acaɓa da 'yan Keke Napep da yaran Islamiyya a Kwangila da Ɗanmagaji da bakin Ƙofar Doka.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa tsinkewar birki cikin dalilan haɗari a rahotanninta, duk da cewa gudun wuce sa'a ne ke kan gaba shekara bayan shekara. Jami'anta da na VIO da KASTLEA sukan tambayi takardu da tukunyar kashe gobara da lafiyar taya. Shekarun man birki ba a ganinsu daga tagar direba. Wannan gyara daga cikin sana'a zai fito, kuma Zariya tana da kayan aikinsa. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, tana nan a hanyar Basawa tun 1986. Ga sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga ƙungiyar makanikai ta NATA da ta direbobi ta NURTW, waɗanda in suka yi magana a tasha ana ji. Zaman yini ɗaya da Hausa, a gareji ba a ɗakin taro ba, da kwalba biyu a kan benci, sabon mai da tsoho, zai isar da abin da takardar Turanci ba ta isar ba.

Kafin a kai can, kira na farko ga masu motoci ne. Alhaji, in ba wanda ya tuna ranar da aka juye man birkin motarka, to ya wuce lokaci. A kai ta gareji cikin Oktoba, ruwa na ɗaukewa, kafin buhun farko na kaka ya hau bayanta. A sayi mai mai hatimi, a tsaya a ga baƙin ya fita ta ƙafafu huɗu, sannan a rubuta wata da shekara a jikin 'yar takarda a manna kusa da kofin, domin direban da zai karɓi makullin nan gaba ya san daga inda zai fara ƙirga shekara biyu.